TUKUNYA, WUTA DA JIKI: WA KE DA IKO A LITTATTAFAN MATA?

  

Duk lokacin da aka gama karanta littafi a tsakar gida, hirar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce. Wannan ta ce, "Kai, baiwar Allahn nan ta yi haƙuri." Waccan ta ce, "Ni da ni ce wallahi ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba." Wata kuma ta ja tsaki ta ce, "Kishiyar nan dai Allah Ya isa." Shi ke nan an raba matan littafin gida biyu, ga ta kirki ga muguwa, a rufe littafi a miƙa wa maƙwabciya. Ba laifi ba ne, amma fa rabin karatu ne. Mun auna zuciyar tauraruwar, mun manta ba mu duba abin da ke hannunta ba. Da me ta yi haƙurin? Da me ta gudu? Ranar da aka kore ta, me ya ciyar da 'ya'yanta? Wannan shi ne abin da nake so mu zauna mu duba, domin amsar ta shafi rayuwar kowace ɗayanmu.

RA'AYIN "BA MUTUM KAƊAI BA"

Akwai wasu malamai mata a jami'o'in Turai da Amurka da suka daɗe suna irin wannan tambaya. In za mu raɗa wa ra'ayinsu suna da Hausa, sai mu ce ra'ayin "ba mutum kaɗai ba". Kada sunan ya ba ki tsoro, maganar mai sauƙi ce.

Ɗaya daga cikinsu, Rosi Braidotti, haifaffiyar Italiya wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ta fitar da littafi a 2013. A ciki ta nuna cewa hoton "cikakken mutum" da Turawa suka daɗe suna riƙe da shi hoton namiji ne, farar fata, lafiyayye, tsaye shi kaɗai, kamar zanen nan na Leonardo da Vinci na wani namiji da ya ware hannuwa a cikin da'ira. Duk abin da bai yi kama da shi ba, mace ce ko baƙar fata ko dabba ko ƙasar noma, sai aka ajiye shi a baya. Masu fafutukar mata na farko cewa suka yi a buɗe musu ƙofa su ma su shiga hoton. Su kuwa waɗannan na baya cewa suka yi hoton ma kansa akwai gyara, don babu mahalukin da ke tsaye shi kaɗai. Shi ma mai ware hannuwan ai wata ce ta dafa masa abincin da ya ci kafin ya tsaya.

Tun a 1985 wata Ba'amurkiya, Donna Haraway, ta rubuta maƙala tana cewa katangar da aka gina tsakanin mutum da inji, da tsakanin mutum da dabba, ba ta da kaurin da ake zato. Dubi maƙwabciyarki mai ɗinki. Ƙafarta na kan feda, idonta na kan allura, hannunta na jan yadi. Ki ɗauke keken, tana nan a matsayinta na mace, amma telar ta tafi, kuɗin adashin mako ma sun tafi da ita. Ashe ƙarfin nata haɗin gwiwa ne tsakanin jikinta da ƙarfe.

Wata kuma, Jane Bennett, a littafinta na 2010, ta kawo misalin da zai ba mu dariya mu da muka tashi a hannun NEPA: ɗaukewar wutar lantarki ta watan Agustan 2003, wadda ta jefa mutum kusan miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada. Ta ce ba a iya nuna mutum ɗaya a ce shi ya yi, domin wayoyi da bishiyoyi da na'urori da dokokin ciniki da ma'aikata duk sun sa hannu.

To mu Hausawa wannan ba baƙon zance ba ne, yana cikin bakinmu kullum. Muna cewa zazzaɓi ya kama ni, kuɗi sun ƙi zama, tukunya ta ƙi tafasa, ciki ya ƙi, barci ya sace ta. Mutumin Wudil kuwa ba sai an koya masa cewa ruwa na da aiki ba. A nan ake cewa kogi ya ci mutum, kuma wanda ya ga ambaliyar 2001 ya san ruwa ba ya neman izinin mai gida kafin ya shigo. Bari mu ɗauki wannan ido mu koma kan littattafan da muka sani.

TUKUNYAR RABI

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da *Alhaki Kuykuyo Ne* a 1990. Shi ne littafin da Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga a 2012. Da yawanmu mun san labarin. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rumfa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ga 'ya'ya tara. Kuɗin cefanen da yake ajiyewa ba sa kai ko'ina, shi kuwa yana can yana holewarsa a waje. Daga baya ya auro Delu, matar bariki, ba a jima ba rikici ya tashi, aka kori Rabi da 'ya'yanta.

Ana yawan cewa haƙurin Rabi ne ya cece ta. Na yarda tana da haƙuri. Amma haƙuri ba ya shiga cikin yaro ya ƙoshi. Abin da ya tsayar da Rabi da ƙafafunta sana'ar abinci ce: tukunya, murhu, itace, muciya, ɗan jarin da 'yan'uwa suka tallafa da shi, da kuma yunwar masu saye. Ki cire ɗaya daga cikin waɗannan ki gani ko labarin zai tafi yadda ya tafi. Abin lura a nan, aikin da ta shekara da shekaru tana yi kyauta a gidan Alhaji Abdu, babu ko sannu, shi ne dai ta fita da shi waje ya zama kuɗi. Hannun bai canja ba, girkin bai canja ba, inda tukunyar ta zauna ne ya canja.

Marubuciyar ba ƙirƙirar wannan ta yi daga sama ba. Littafin ya fito shekara 4 bayan gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, kuɗin cefanen jiya suka daina sayen kayan miyan yau. Kuma tun kafin nan, wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 cewa akwai wata babbar kasuwa ɓoyayya a cikin gidajen Hausawa, wadda matan kulle ke ci ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Wata kuma, Enid Schildkrout, ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda wannan kasuwa ta dogara da ƙafafun yara masu talla.

A nan ne wannan irin karatu ke tona abin da yabon haƙuri ke rufewa. In uwa tana ciki, tukunya na kan wuta, wa ke ɗaukar farantin zuwa tasha? Ki tsaya bakin titin Wudil ranar Juma'a, ranar da kasuwar shanu ke ci, ki ƙirga 'yanmatan da ke ɗauke da faranti a ka. Kowane faranti akwai uwa a bayansa. 'Yancin uwar sau da yawa da karatun 'yarta ake biyansa. Littafin da ya nuna miki mace ta tsaya da ƙafarta, ki tambaye shi ƙafar wa aka ara.

WA YA HUKUNTA ALHAJI ABDU?

Yanzu ga tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wa ya rama wa Rabi? Rabi ba ta rama ba. Babu alƙalin da ya ƙwato mata haƙƙinta, babu dattijon da ya iya tanƙwara Alhaji Abdu lokacin da aljihunsa ke cike. Wuta ce ta tanƙwara shi. Gobara ta tashi a kasuwa ta cinye dukiyarsa, daga nan asirin Delu ya tonu, ta ci amanarsa da wani namiji, auren ya watse.

Ashe ikon da Alhaji Abdu ke taƙama da shi ba a ƙirjinsa yake ba, a rumfa yake. Tsawar da yake daka wa Rabi, hajar rumfarsa ce ke magana. Ranar da hajar ta zama toka, muryar ma ta mutu. Masu ra'ayin "ba mutum kaɗai ba" za su ce ga hujjarsu nan: namijin da ake gani tsaye shi kaɗai, jingine yake da kaya. Gobarar kasuwa kuwa ba tatsuniya ba ce a Kano. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a wannan kasuwa ta Sabon Gari, kuma Allah kaɗai Ya san gidaje nawa ne zamansu ya sauya a wannan dare, na masu adalci da na marasa adalci.

Amma a nan ina da ƙorafi, kuma ba a kan marubuciyar kaɗai ba, a kanmu ne masu karatu. Mukan ji daɗin gobarar nan ƙwarai, mu ce alhaki ne. To idan da wutar ba ta tashi ba fa? Rabi nawa ne a Kano da Wudil da Gaya waɗanda rumfar mazajensu ba ta taɓa ƙonewa ba? Littafin da ya bar wa gobara aikin alƙali yana gaya mana wata magana mai ɗaci: a garin da labarin ya faru, babu wata ƙofa ta mutane da matar da aka zalunta za ta ƙwanƙwasa a share mata hawaye. Ina ganin Hajiya Balaraba ta san abin da take yi, domin dubi ƙarshen labarin. Bayan Alhaji Abdu ya tsiyace, maza na dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma, ba da son ranta ba. Mutanen da suka kasa tsayar da zaluncin su ne suka iya mayar da auren. Wasu masu karatu suna ɗaukar wannan a matsayin kyakkyawan ƙarshe. Ni kuwa a nan ne littafin ya fi yi mini zafi. Abu ɗaya ne ke sanyaya zuciya: Rabin da aka mayar ta riga ta san abin da tukunyarta ke iya yi.

JIKIN ABU

A cikin *Wa Zai Auri Jahila?*, shi ma na 1990, marubuciyar ta koma kan jiki kai tsaye. Abu yarinya ce 'yar shekara 13 a ƙauye. An cire ta daga makaranta. Amadu, wanda aka yi musu alkawari, ya juya mata baya don ba ta da ilimin boko. Mahaifinta ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Abu ta gudu zuwa Kano wajen Hajiya Kumatu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kanta marubuciyar, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta nemi iliminta ta hanyar karatun manya. Saboda haka ba labarin ji-ta-ji-ta take bayarwa ba.

Duba ki ga mutum nawa ne ke da magana a kan jikin Abu. Uba na ganin mutuncinsa a ciki. Sarkin Noma na ganin abin da ya biya. Amadu na ganin abin kunya a gaban abokansa 'yan boko. Kowa ya yi lissafinsa, ba wanda ya tambayi jikin. Shi kuwa jiki yana da nasa hukuncin da ba ya sauraron waliyyi. Ƙugun yarinyar da bai gama buɗewa ba, ba ya buɗewa don an ɗaura aure. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya tokare a ƙashi, naman da ke tsakani sai jini ya daina kai masa ya mutu, ƙofa ta ɓalle tsakanin mafitsara da gaba. Wannan shi ne yoyon fitsari. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya shafe shekaru masu yawa tun daga shekarun 1980 yana ɗinke dubban mata a asibitin Babbar Ruga ta Katsina da cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano. Kuma ciwon ba yarinta kaɗai ke kawo shi ba. Babbar mace ma na kamuwa idan hanya ta yi nisa, mota ta yi wuya, mai gida ba ya nan balle ya ba da izini, ko ba a sami jinin ƙari ba. Kin ga ke nan lafiyar mace a ranar haihuwa tana rataye da titi da taya da fetur da wuƙar likita.

Haka ma gudun Abu. Muna yaba mata da ƙarfin zuciya, kuma ta cancanta. Amma zuciya ba ta kai mutum Kano. Sai da hanya, sai da abin hawa, sai da ɗakin wata 'yar'uwa a birni wadda za ta buɗe ƙofa. Mu da ke zaune a gefen gadar Wudil, inda motocin gabas ke wucewa dare da rana, tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce tsakaninmu da Kano, mun san bambancin yarinyar da ke kusa da kwalta da wadda ke can cikin lungu. Sannan sai da aji da allo da littafi. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, kuma irin waɗannan azuzuwa ne suka ba matan da aka cire daga makaranta damar komawa. Abu ta ƙare da farin kaya da allura a hannu. Yarinyar da aka yanke hukunci a kan jikinta ba a tambaye ta ba, ita ce ta zama mai kula da jikin wasu. Wannan juyi shi ne gwanintar littafin.

Inda na ga rauni shi ne nasarar ta zo a jere kamar an shimfiɗa mata tabarma. Mai karatu na iya rufe littafin ta ce ai duk mai niyya za ta iya. A'a. Duk mai niyya da ta sami irin abin da Abu ta samu za ta iya. Wadda ba ta da Hajiya Kumatu a birni fa?

AKWATIN LEFE DA MADUBI

Masu sukar littattafanmu, tun zamanin da Malam Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990, suna yawan ƙorafi a kan jerin kaya: shafi guda ana lissafa akwatunan lefe, leshi da atamfa da sarƙar gwal, wani shafin ana kwatanta gado da labule da turaren wuta. Suka ce wannan kwaɗayi yake koya wa 'yanmata. Akwai gaskiya a ciki, ba a musu. Amma a duba da kyau. A wurin matar da ba ta da gona ba ta da rumfa, kayan ɗakinta su ne bankinta. Iyayenmu sun jera kwalla da langa da tasa a bango, ranar da ta ɓaci a sauke ɗaya a sayar. 'Yan kunnen gwal sun biya kuɗin asibiti da kuɗin jarrabawa ba adadi. Marubuciyar da ke ƙirga kayan amarya, sau da yawa ƙarfin amaryar take ƙirga miki.

Littattafan Hajiya Bilkisu Ahmed Funtuwa, wadda masoyanta ke kira Anti Bilki, irin su *Allura Cikin Ruwa* na 1994, sun yi suna wajen taurari mata masu ilimin boko da na addini, masu tsafta da iya ado da iya zama da miji. A nan jiki ya zama abin da mace ke sarrafawa da kanta, kuma wannan ci gaba ne idan aka gwada da halin da Abu ta shiga. Sai dai tambaya ta biyo baya: wa ake yi wa adon? Idan duk lalle da humra da girki da takardar digiri an tara su ne don a fi kishiya, to makamin na hannunta, amma filin yaƙin wani ne ya shata. Kullum kuma tauraruwar littattafan soyayya fara ce, doguwa, mai dogon hanci da gashi har gadon baya. Yarinya baƙa kyakkyawa ta karanta irin wannan 20, sai ta fara kallon madubi da wani ido, daga nan sai kwalbar man bilicin. Ashe kwatance a takarda na iya sauka a kan fata.

SHI KANSA LITTAFIN

Abu na ƙarshe da ke da aiki a wannan labari shi ne wanda ke hannunki. Ɗan ƙaramin littafi ne mai araha, yana shiga ƙarƙashin filo, yana shiga cikin hijabi. Matar da ba ta fita, littafi na shigo mata. Ana hayarsa a shago, ana aronsa ta kan katanga, ana karanta shi a rediyo har wadda ba ta yi boko ba ta ji. Tun daga *So Aljannar Duniya* na Hajiya Hafsat Abdulwaheed a 1980, zuwa zamanin ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba, takarda ta kai maganar auren dole da saki da kishi ɗakunan da ba mai wa'azin da ya taɓa shiga. Hukuma ma ta san da haka. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a wata makarantar 'yanmata a Kano. Ba a ƙona abin da ba ya aiki. Yau kuma labaran sun koma cikin waya, a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu ana sauraronsu a YouTube. Mai karatu yanzu sai da caji da kuɗin data, wayar kuma wani lokaci ta miji ce. Ko nan ma dai, 'yancin karatu na rataye da abu.

INDA MUKA RABU DA SU

Kada a ce na sayar muku da ra'ayin Turawa ɗungurungum. Akwai inda za mu tsaya. Idan aka ce komai na da hannu a cikin komai, azzalumi zai sami wurin ɓuya. Alhaji Abdu zai ce ba shi ba ne, kasuwa ce. Mahaifin Abu zai ce ba shi ba ne, talauci ne da surutun gari. Mu kuwa mun yi imani cewa wuta ba ta da hisabi, tukunya ba ta da lada, kogi ba ya tsayuwa gaban Ubangiji ya amsa tambaya a kan wanda ya ci. Dukkansu sababi ne a hannun Mai kowa Mai komai, amanar kuwa ɗan Adam aka ɗora wa. Ko a Suratu Yasin an sanar da mu cewa hannuwa da ƙafafu za su ba da shaida ranar ƙiyama, to jiki ma na da bakinsa, amma mai jikin za a tuhuma. Sunan littafin ma ai ya faɗa: kwikwiyon mai shi yake bi, ba ya bin rumfa.

Sannan wasu daga cikin waɗannan malamai suna magana kamar an gama da batun "mutum". A wurin da har yanzu ake cire yarinya daga aji ba a tambaye ta ba, maganar cewa ita ma mutum ce mai ra'ayi ba ta tsufa ba. Mu ɗauki abin da ya amfane mu, wato idon ganin kayan da ke riƙe da rayuwar mace, mu bar musu sauran.

KAMMALAWA

Don haka 'yar'uwa, in kin ɗauki littafi na gaba, bayan kin gama tausaya wa ta kirki da tsine wa muguwa, ki ƙara tambayoyi kaɗan. Me tauraruwar ta mallaka da sunanta? Wace sana'a ke hannunta? Wa ya yanke hukunci a kan jikinta, kuma me jikin ya ce? Da aka zalunce ta, mutane ne suka tsaya mata ko sai da marubuciya ta kira gobara da haɗarin mota?

Ku kuma iyaye, ranar da za a yi wa 'yarku jere, a cikin kuɗin kujeru da labule a ware na keken ɗinki ko injin markaɗe ko firjin sayar da ƙanƙara, a bar ta kuma ta ƙarasa karatunta. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Wudil tun 2001, ba don 'ya'yan wasu kaɗai aka gina ta ba. Ana yi wa amarya nasiha da haƙuri, kuma nasiha ce mai kyau. A haɗa mata da abin da za ta yi haƙurin da shi.

Marubutanmu mata, Allah Ya ƙara basira, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mu kuma Allah Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.